Wudkok a Watan Maris, Malamin Karnukanmu

'Yan uwa masu karnukan tsuntsu, ku yi mini uzuri, yau son kai zan yi: a duk dazukan Amurka babu tsuntsun da ya kwanta mini a rai kamar wudkok, kuma babu lokacin da ya kai na dawowarsa daɗi. Da Maris ya kama, ƙanƙara ta narke, ƙasa ta yi laushi, sai ya baro Luwiziyana da sauran jihohin kudu yana tafiyar dare, ya sauka a matasan kurmin Mishigan da Wiskonsin. Jiya wurin fayau. Yau kare na shiga ya ƙame.

Ku dubi halittar dai! Ɗan dunƙulalle, gajeren wuya, gajerun ƙafafu, launin busasshen ganye, ga baki zalalo wanda tsininsa ke buɗewa a cikin taɓo ya cafko tana, ga manyan idanu can kusa da ƙeya, yana kiwo yana ganin abin da ke bayansa. In ya tashi tafiya kuwa, rangaji yake gaba da baya kamar wanda makaɗi ya kama sunansa. Mummuna ne, amma mummuna mai shiga rai.

Abin da ya sa nake kiransa malam shi ne haƙurinsa. Tsuntsun gurawus tun kana nesa ya yi fir, ya bar ɗan kwikwiyonka da baki buɗe. Wudkok lafewa yake. Ka saki matashin kare irin seta ko Biritani, kana bin ƙarar ƙararrawar wuyansa cikin sarƙaƙiya, can sai ka ji tsit. Ka kutsa, ƙaya na jan rigarka, ka iske shi a kan poyin: ƙafar gaba a ɗage, wutsiya a miƙe, cinya na ɓari. Ka ce "wo" a hankali. Ka duba gaban hancinsa, ganye kawai kake gani, da farin kashi ɗis-ɗis da ƙananan ramukan baki a laka, har sai wani baƙin ido ya ƙyalla. Taku ɗaya, ya tashi sama tsaye, fukafukansa na fito. Babu harbi, wannan sai kaka. Ɗan fistol mai harsashin wofi ya isa. Darasin da tattabarar keji za ta yi wata tana koyarwa, shi da safiya guda ya gama.

Kuma don Allah kada ku loda karnuka a mota kafin magariba. A lokacin ne namijin wudkok zai fito fili, ya yi ta wani "piint" ta hanci, sannan ya haura sama yana kewayawa har ya kusa ɓacewa, gashin bakin fukafukansa guda uku na kiɗa, ya faɗo yana karkarwa da ciri-ciri kusan inda ya tashi. Aldo Leopold ya ba wannan rawar babi guda a littafinsa A Sand County Almanac na 1949, kuma wallahi ta cancanta.

Ƙorafi? Akwai. Kaska kamar an zuba. Ga masu abin wuya na GPS da ke zuwa daji su ƙura wa allo ido, ba sa ko jin lokacin da ƙararrawa ta yi shiru. Sannan kwanakin ba su da yawa. Macen wudkok a ƙasa take ƙwai, yawanci huɗu, ta yi kusan mako uku a kansu, shi ya sa a Mishigan daga tsakiyar Afrilu aka hana horar da kare a kan tsuntsun daji sai cikin Yuli. Dokar daidai ce, tunda ƙidayar da ake yi tun 1968 na nuna yawansu raguwa yake. Amma fa ina jin haushin masu lasisin sa wa tsuntsu zobe, waɗanda ke ci gaba da fita da karnukansu suna nemo 'yan tsaki, mu muna gida muna wanke takalma.