Gidan Wasa na Tubali a Samaru

Duk wanda ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, abin da zai fara cika masa ido shi ne manyan benaye na siminti da ƙarfe. Amma a cikinsu akwai wani gida na tubali da jinka, wanda baƙo zai zaci gidan wani mai unguwa ne da aka manta ba a rushe ba. To, wannan shi ne gidan wasan kwaikwayo na jami'ar.

An buɗe jami'ar a 1962, amma sai a 1975 koyar da wasan kwaikwayo ya kankama, sa'ad da wani Bature, Michael Etherton, wanda ya taɓa koyarwa a ƙasar Zambiya, ya zo. Shi da wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ba su so a kwaikwayi gidajen wasa na Ingila ba, inda 'yan wasa ke bisa dakali, 'yan kallo kuwa suna zaune a duhu sun yi sahu kamar 'yan makaranta. Sai Ehrlich ya ɗauki fasalin gidan Bahaushe, watau katanga kewaye, da ɗakuna masu jinka, da tsakar gida a buɗe. Maginan gargajiya suka yi aikin, aka gama a 1976.

Lalle wannan dabara ta cancanci yabo. Wasannin Hausawa, irin su tashe da wasan gauta da na 'yan kama, ba su san shamaki tsakanin mai yi da mai kallo ba. Mai kallo yakan amsa, ya yi shewa, wani lokaci har ya tsoma baki. Ɗalibin da ya koyi wasa a tsakar gida, mutane ta kowace fuska, tilas ya koyi ɗaga murya da juya jiki yadda kowa zai samu rabonsa.

Amma fa Hausawa sun ce, kama da wane ba ta wane. Gidan ya yi kama da na talaka, alhali kuwa yana bayan ƙofar jami'a, kuma yawancin wasannin cikinsa da Turanci a kan yi su. Mai sayar da tumatir a kasuwar Samaru ba ya ganin wurin nasa ne. A wancan zamani kuwa, leburan jirgin ƙasa na Sabon Gari, in ya sami sukuni da dare, silima ya kan nufa ya kalli 'yan Indiya. Ashe jinka kaɗai ba ta kiran baƙo.

Malaman sun gane haka, wannan kuwa shi ne babban abin da za a tuna su da shi. A 1977 suka fita da ɗalibai zuwa Soba, daga baya Maska, da Bomo, da unguwannin Samaru. Sukan zauna da manoma su ji kukansu, kamar wahalar samun takin zamani, sa'an nan su shirya wasa da Hausa, su yi shi a dandali, a ƙarshe a zauna a tattauna. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙe wannan hanya, har sunan Zariya ya fita da ita ƙasashen waje.

Duk da haka akwai sauran magana. Ɗalibi yakan gama wasa ya koma ya karɓi makinsa, manomi kuwa ya kwana da kukansa, ba taki. Wasa yana iya buɗe ido, amma ba ya sauke buhu a gona, sai in an bi bayansa har ofishin da abin yake.

Saboda haka hukuncin da ya dace shi ne, ginin ya yi kyau, koyarwar cikinsa ta fi shi kyau, amma aikinsa mafi amfani a waje aka yi shi. Magini ya san gidan ƙasa ba ya daɗewa sai ana yi masa yaɓe a kai a kai. Haka zumuncin jami'a da maƙwabtanta yake. Allah ya sa masu riƙe da gidan su kula da duka biyun.