Masu Gane Makaɗi Tun Bai Buɗe Baki Ba

A garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, irin su Dogon Daji da Tambuwal, har ka ratse ka shiga ƙasar Kebbe, akwai dattawa masu wata baiwa da ba a koyar da ita a aji. Kunna musu tsohuwar waƙa wadda babu rubutu a jikinta, kafin makaɗi ya buɗe baki sun gaya maka ko wane ne. Ƙara musu minti biyu, su faɗa maka sarkin da aka yi wa ita, da garinsa, da zamanin da aka ɗauke ta. Yawancinsu tsofaffin masu sayar da kaset ne, ko masu gyaran rediyo, ko direbobin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan hanya, ko waɗanda suka tashi a ƙofar fada. Wasunsu har yau suna da akwatin faya-fayan garmaho da kwalayen kaset da ba sa bari yaro ya taɓa.

Wurin zamansu ma ya taimake su. Tambuwal, garin Buhari ɗan Shehu, tana kusa da Gwandu da ƙasar Kabi, Kebbe kuma ta yi iyaka da Zamfara da Jihar Kebbi. Kiɗan fadar Sarkin Musulmi yana sauko musu daga arewa, na Argungu da Yawuri yana zuwa ta yamma da kudu, na Mafara da Maradun yana shigowa ta gabas. Kunnen da ya girma a wannan mahaɗa dole ya iya rarrabewa.

Da ganga suke farawa. A Ingila akwai masu tara 'yan sojojin wasa na dalma, irin waɗanda kamfanin William Britain ya fara zubawa a 1893, kuma gwaninsu kaki yake dubawa: in maɓallan jar rigar ɗaiɗai suke a jere, sojan rundunar Grenadier ne, in bibbiyu ne, Coldstream, in uku-uku ne, Scots. To, kayan kiɗa su ne kakin makaɗin Hausa. Kotso da hannu ake kaɗa shi, kuma yana da tsarkiya da ake matsawa, don haka muryarsa tana hawa tana sauka kamar mai magana. Da gwani ya ji wannan, ya san yana gidan Ibrahim Narambaɗa, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Sa'idu Faru. Taushi kuwa amonsa a zaune yake, mai nauyi, ba ya lanƙwasa, sai hankali ya koma kan Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ko Aliyu Ɗandawo. Kalangu da ake bugawa da makaɗi mai lanƙwasa yana kai ka wajen Mamman Shata, ko Ɗan Anace na 'yan dambe, ko Gambo na Fagada, can wajen Maiyama, maƙwabcin mutanen Tambuwal. Kuntigi na Ɗanmaraya Jos ne, wannan ko yaro ya sani.

Amma gane ganga share fage ne kawai, don masu kotso suna da yawa. Inda gwaninta take shi ne amshi. Shata yakan kafa amshi guda, yaransa su riƙe shi daga farko har ƙarshe, shi kuma ya yi ta zuba a kai. Makaɗan fadar ƙasar Sakkwato ba haka suke yi ba. Jagora zai ɗauko zance, kafin ya dire 'yan amshi sun karɓe sun ƙarasa masa, wani lokaci ma su ƙara da nasu, sannan duk su haɗu su koma gindin waƙa. Kowace ƙungiya tana da yadda take wannan karɓeɓeniya. Ta Ɗanƙwairo muryoyi ne jere, manya da ƙanana, suna hawa kan juna kamar saƙa. Ta Narambaɗa a natse take tafiya, ana ba kowace kalma haƙƙinta. Mai kunne yana jin inda jagora ke numfasawa, da wanda ke fara karɓa, da yadda ake sauka. Da haka yake raba Ɗanƙwairo da yayansa Abdu Kurna, alhali gida ɗaya ya koyar da su, da haka kuma yake raba Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani. Wannan, a ganina, shi ne ƙololuwar sanin, kuma ba ya samuwa sai da shekaru na sauraro.

Ga irin abin da ake gani a majalisa bayan La'asar. Saurayi zai miƙo waya, an tura masa waƙa an rubuta sunan Narambaɗa a kai.

"Baba, ji wagga. An ce ta Narambaɗa ta."

Dattijo ba zai karɓi wayar ba. Zai karkata kai, ya ɗaga yatsa a yi shiru, ya ɗan saurara.

"A'a, ɗana. Wanga ba kotso na ba, tabshi na. Mai da ta baya kaɗan. Ka ji kakannin da aka kira? Wagga ta Sakkwato ta."

Kiran kakanni da ya ambata babban mabuɗi ne, domin sarauta ɗaya tana iya zama a garuruwa da dama. In makaɗi ya ce Sarkin Gobir, na Isa ne, ko na Sabon Birni, ko na Gwadabawa? In ya ce Sarkin Kabi, na Argungu ne ko na Yabo? Sarkin Zamfara akwai na Anka, akwai na Zurmi. Wanda bai san salsalar gidajen nan ba sai ya ɗora waƙar wani a kan wani. Gwani yana jira a jero iyaye da kakanni, da sunan dawaki, da fadawan da aka yaba ko aka yi wa zambo, daga nan ya yanke hukunci. Ashe mai tara waƙa, ko bai yi niyya ba, ya zama masanin tarihin sarautu.

Haka yake ƙiyasta shekara. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara 50 a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988, saboda haka sunansa kaɗai ba ya isa. Sai an dubi abin da ke kewaye. In ana kiran Sardauna Ahmadu Bello da Firimiya yana raye, waƙar tana tsakanin 1954 da Janairun 1966. In kyautar da ake godiya a kai fam ce da sule, an yi ta kafin naira ta shigo a 1973. In an ce Jihar Arewa maso Yamma, tsakanin 1967 da 1976 ke nan. Waƙoƙin Sa'idu Faru na Muhammadu Macciɗo kuwa na zamanin da yake Sarkin Kudu ne, don makaɗin ya riga mu gidan gaskiya kafin ubangidansa ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Har sunan motar da aka ba makaɗi shaida ne.

Sai kuma jikin abin da aka ɗauki waƙar a kai. Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, nauyi gare shi, kuma in ya faɗi ya fashe. Fuska ɗaya ba ta wuce kimanin minti uku, shi ya sa za ka ji waƙar fada mai tsawo an daddatse ta, makaɗi yana sauri kamar ana korarsa. Wasu suna ɗauke da tambarin HMV mai hoton kare yana sauraren garmaho, wasu na Decca. Daga baya EMI da Tabansi suka fitar da na roba masu juyi 45 da 33. Ɗaukar gidan rediyo, ta Kaduna ko ta Rima a Sakkwato, tsaf take fita. Ɗaukar fada ko ta gidan biki kuwa za ka ji guɗa, da haniniyar doki, da sanƙira yana kirari. Masu kunne sun fi son wannan, ni ma haka, don a nan makaɗi yake sakin jiki a gaban ubangidansa.

Masu tara faya-fayan kiɗan soul na baƙaƙen fatar Amurka suna da irin wannan naci. Sukan karanta ƙananan lambobin da aka zana kusa da tsakiyar faifai don raba bugun farko da na baya, kuma a 2009 an sayi wani faifan Frank Wilson na 1965, daga gidan Motown, a kan sama da fam dubu 25, saboda kwafinsa kaɗan ƙwarai suka tsira. Su suna da lamba da kundin kamfani da za su duba. Namu dattawan kuwa sau da yawa takardar faifan ta goge, kaset ɗin an kwafa daga kwafi har sau biyar, ba abin dogaro sai kunne. Duk da haka za su ce maka wannan kwafin da batir mai rauni aka ɗauke shi, shi ya sa muryar ta sirance ta yi gudu, ba haka Jankiɗi yake ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda waƙoƙin suke yawo yanzu. Daga kaset sun koma memori, daga memori sun hau intanet, kuma kowane mai turawa yana liƙa sunan da ya fi sayuwa. An yanke gabatarwar mai shela da ke farkon kaset, inda ake faɗin makaɗi da wanda aka yi wa waƙar, don a rage tsawo. Littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya tsare mana tarihin makaɗan, amma littafi ba zai saurari waƙa ya ce ta wane ce ba. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya kamata su riƙa zuwa Tambuwal da Kebbe da waƙoƙin da ba a tantance ba, su kunna wa dattawan nan, su naɗi amsarsu tare da hujjarsu.

In sun je, za su ga yadda ake riƙon kayan. Faifai a tsaye ake jera shi cikin akwati, a ɗakin ƙasa mai sanyi, don zafin bazara yana lanƙwasa na roba. Da tsumma mai laushi ake goge shi, ana bin zagayen layinsa. Zaren kaset in ya tsinke, a buɗe da ɗan sukudireba, a haɗa bakin biyu da ɗigon gam, a naɗe da biro a hankali. Kowane mai tarawa kuma yana da uwar kaset wadda ba ya kunnawa don nishaɗi. Daga ita ake kwafa, kuma ko aminin mutum ne ya zo aro, kwafin ake ba shi.