Ful da Ta'amiyya: Wa Ya Mallaki Sunan Bahar Rum?

Da an ce "abincin Bahar Rum", hankalinmu sai ya tafi Italiya ko Girka: kifi, man zaitun, farin faranti, kuɗi masu nauyi. Ko da UNESCO ta sa wannan tsarin cin abinci cikin gadon duniya a 2010, Sifen, Italiya, Girka da Moroko ne a takardar. Babu Masar, alhali Iskandariyya a bakin tekun take.

Ɗalibanmu na Azhar kuwa sun san wani Bahar Rum ɗin dabam: ƙaramin shagon ful na lungun Alkahira. Wake ne mai faɗi da ke kwana a tukunya mai siririn wuya bisa wuta kaɗan-kaɗan. Da asuba a dama shi da mai, lemun tsami da tafarnuwa, a haɗa da gurasa. Ga ta'amiyya a gefe, 'yar'uwar ƙosanmu, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken.

Shagon yana da aibi. Cunkoso ne, man suya kan daɗe a kasko, kuma baƙo ba ya samun mai yi masa bayani. Amma mu da muke rubuta manhajoji mun san taurarin da ake ba gidajen abinci ra'ayin masu waya da lokacin rubutu ne. Leburan da ya ƙoshi har azahar ba ya barin tauraro.

Ma'auninmu shi ne: talaka ya ci ya ƙoshi, gobe ya dawo? A nan shagon ful ya yi wa masu farin faranti fintinkau.