Yabo da Gyara: Littafin Tafiya Cikin Duwatsun Hindu Kush

Littafin da za mu duba wannan mako shi ne wanda wani Bature mutumin Ingila, mai suna Eric Newby, ya wallafa cikin shekarar 1958, ya sa masa suna A Short Walk in the Hindu Kush, watau 'yar gajeruwar tafiya cikin duwatsun Hindu Kush. Sunan nan kansa ba'a ce, gama tafiyar ba gajeruwa ba ce, ba kuwa ta shan iska ba. Turawa sun daɗe suna lissafa shi cikin littattafan tafiya mafiya ban dariya da aka rubuta da Ingilishi, mu ma ba mu musa ba. Amma akwai tambaya guda da mu ke so mu yi wa littafin, wadda duk wanda ya taɓa bin ayari zai fara yi kafin ya tambayi kome, ita ce, wa ya ɗauki kayan?

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Newby ya yi shekaru yana cikin sana'ar tufafin mata a birnin Landan, har abin ya gundure shi. Cikin 1956 sai ya buga wa wani abokinsa waya, Hugh Carless, ma'aikacin ofishin jakadancin Ingila, ya ce ya zo su tafi Nuristan, wani lungu na arewa maso gabashin Afganistan wanda Turawan da suka taɓa shigarsa ba su da yawa. Carless ya amsa, ya ƙara da cewa su hau wani tsauni da a ke kira Mir Samir, wanda ba wanda ya taɓa kai ƙwanƙolinsa a lokacin. A littafin an ce tsawonsa ƙafa 19,880 ne, ko da ya ke awon da aka yi daga baya ya nuna mita 5,809, watau ya ɗan gaza haka. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ya iya hawan dutse. Abin da suka yi na shiri shi ne kwana huɗu a duwatsun Wales suna koyon ɗaurin igiya, sa'an nan suka kama hanya da mota, ta Turkiyya da Iran, har Kabul. Inda hanyar mota ta ƙare cikin kwarin Panjshir, nan suka yi jinga da mutum uku 'yan ƙabilar Tajik, kowa da dokinsa na kaya, Abdul Ghiyas, da Shir Muhammad, da Badar Khan. Da waɗannan mutane da dawakinsu suka yi kimanin wata guda cikin duwatsu. Tsaunin kuwa bai hawu ba, sai da ya rage musu kamar ƙafa 700 suka juyo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Waɗansu Jamusawa ne suka kai ƙwanƙolin cikin 1959.

Yabon gwani ya zama dole, bari mu fara da shi. Yawancin masu rubuta labarin tafiya, in sun dawo gida, sai su zama jarumai a kan takarda, kowane kogi sun tsallake shi da ƙarfin zuciya, kowane dare sun kwana ba tsoro. Newby bai bi wannan hanya ba. Ya gaya mana takalman da aka ɗinko masa daga Italiya sun matse shi tun ranar farko, har ƙafafunsa suka saɓule suka yi jini, haka kuwa ya yi ta ɗingishi har ƙarshen tafiyar. Ya gaya mana atuni ya kama su, ya hana su sakat. Ya gaya mana suna tsakiyar ƙanƙara suna buɗe ɗan littafin koyon hawan dutse, suna duba abin da ya kamata su yi gaba, kamar yaron da bai yi tilawa ba ya ke leƙen allon na kusa da shi. Mutumin da ya iya yi wa kansa dariya haka, ba wuya mai karatu ya gaskata shi in ya zo faɗin abin da ba na dariya ba ne. Shi ya sa babin da suka juyo daga kusa da ƙwanƙolin ya ke da nauyi a zuciya, domin wanda ya saba yi maka raha in ya yi shiru, shirunsa ya kan yi magana. Kalmominsa kuma ba su da ƙawa mai yawa, gajeru ne, suna tafiya kamar hira. Malamin da ke neman abin da zai nuna wa manyan 'yan makaranta yadda a ke siffanta wuri ba tare da tara kalmomi ba, zai sami misali a yadda ya zana kwarin Panjshir, da gonakinsa da itatuwan tut da mutanen wurin ke shanya 'ya'yansu su zama guzuri.

To, yanzu ga inda mu ke da magana. Tafiya cikin manyan duwatsu da dabbobin kaya sana'a ce mai zaman kanta, tana da ilminta kamar yadda saƙa da ƙira su ke da nasu. Dawakin da a ke bi da su irin waɗannan wurare ƙanana ne, irin wanda mu ke kira ƙuru, ba su da kyaun gani, amma sun san inda za su sa kofato a kan hanyar da faɗinta bai wuce taki ɗaya ba, dutse a hannun dama, rami a hagun. Dole kayan su daidaita gefe da gefe, in ɗaya ya rinjayi ɗaya ko da kaɗan ne, kafin azahar sirdin ya karkace, ya goge bayan dabba ya yi miki, dabbar da ta yi miki kuwa ta fita daga aiki. Ba matafiyi ke zaɓen zango ba, ciyawa da ruwa ke zaɓensa. Rafukan da ke gangarowa daga ƙanƙara da safe su kan yi ƙasa, in rana ta yi zafi ta narkar da ƙanƙarar sai su cika su yi ƙarfi, don haka mai hankali da sassafe ya ke tsallake su, da sassafe kuma ya ke hawan mashigi tun dusar ƙanƙara tana da tauri ba ta lumewa da ƙafar doki. In an wuce inda itatuwa ke tsirowa, ba itacen wuta sai saiwoyin ƙananan tsirrai da busasshen kashin dabbobi. Ruwa ya kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba, abinci ya ƙi dahuwa. Wajen ƙafa 18,000 iskar da mutum ke shaƙa ba ta wuce rabin ta bakin teku ba, ga ciwon kai, ga haki, dabba ma haka ta ke ji, sai dai ba ta da bakin faɗi. In an kai inda doki ba ya iya wucewa, sai mai dokin ya sauke kayan ya aza wa bayansa.

Duk wannan ilmi yana nan cikin tafiyar Newby, gama in babu shi da ba su kai ko gindin tsaunin ba. Amma a hannun mutum ukun nan ya ke, littafin kuwa bai tsaya ya koya daga gare su ba. Mun kai shafi na ƙarshe mun san halin da kowane yatsan ƙafar mawallafi ya ke ciki, amma abin da muka sani na bayan dawakin da suka ɗauki tanti da igiyoyi da akwatunan abincin gwangwani bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce mun yi rashin adalci. Newby bai mai da masu dawakin gumaka ba, ya kira su da sunayensu, abin da da yawa daga cikin magabatansa ba su yi wa masu ɗaukar musu kaya ba, ya kuma ba kowa halinsa, wannan mai yawan damuwa, wancan mai ɗaure fuska. Inda gizo ke saƙa shi ne harshe. Carless ya iya Farisanci, harshen da mutanen Panjshir ke yi, Newby kuwa sai 'yan kalmomi. Duk abin da ya ji daga bakin mutanen nan ta bakin abokinsa ya ji shi, sauran kuwa sai abin da ido ya gani, watau ɗaga murya, da yarfa hannu, da zumɓura baki. Kowa ya san in ka toshe kunnuwanka ka dubi mutane suna gardama, ko a kan gadon ubansu su ke yi, abin zai ba ka dariya. Abin da ya tanada na harshen Nuristan kuwa wani tsohon littafin nahawu ne da wani hafsan soja ya tattara tun farkon ƙarnin, cike da jimloli na kisa da masifa, shi ma abin raha ya mai da shi. Rahar ta yi daɗi, ba mu ƙi ba, amma ba ta buɗe masa bakin kowa ba.

Dubi wurin da masu dawakin suka ƙi shiga Nuristan. A littafin abin ya zo kamar taurin kai da tsoro irin na ƙauyawa, wanda Turawan suka sha kansa da ƙyar. Amma mawallafin da kansa ya ba mu tarihin da ya isa ya nuna tsoron nan yana da tushe. Ƙasar da can Kafiristan a ke kiranta, mutanenta sun yi zamanai suna kai wa maƙwabtansu hari, sai cikin 1895 zuwa 1896 Sarki Abdur Rahman na Afganistan ya ci ta da yaƙi, mutanenta suka shiga Musulunci, aka sake mata suna Nuristan, watau ƙasar haske. Daga nan zuwa 1956 shekara 60 ce kurum, akwai tsofaffi da rai waɗanda suka ga zamanin da idonsu. Ban da wannan, a auna abin da kowa ya sa a caca. Baturen in tafiya ta ɓaci ya yi asarar hutunsa da kuɗinsa, ya koma gida ya rubuta littafi a kan ɓacin. Mai doki in dokinsa ya karye a mashigin Chamar, ko aka ƙwace shi a can ƙetare, ya yi asarar jarinsa duka da abincin iyalinsa. Wanda ya yi jayayya a nan ba matsoraci ba ne, lissafi ya ke yi. Da marubucin ya zauna da su dare ɗaya a bakin wuta, ya sa abokinsa ya yi masa tafinta a tsanake, da littafin ya sami babin da ya fi na agogonsa da wani mutumin Nuristan ya jefa cikin tukunya a kan wuta don ya gwada ko gaskiya ne ruwa ba ya shigarsa, ko da ya ke wannan ma mun yi dariyarsa har da hawaye.

Don a gane abin da mu ke nufi, sai a ajiye littafin nan kusa da na Robert Louis Stevenson, mutumin Sikotilan, wanda ya yi kwana 12 cikin tuddan Cévennes na kudancin Faransa cikin 1878, shi kaɗai da wata jaka da ya sa wa suna Modestine, littafin ya fito 1879. Tuddan nan ba su kai ko gwiwar Hindu Kush ba, hatsarin tafiyar kuma kaɗan ne. Amma da ya ke ba shi da mai kora, shi ke ɗaura kaya da hannunsa, sai ga shi dole ya koyi abin da kowane yaron fatake ya sani. Kaya suka yi ta juyewa suna komawa ƙarƙashin cikin jakar, har ya zubar da waɗansu a hanya don nauyi ya ragu. Ya yi ta dukanta, ya kuma faɗi cewa ya doke ta, bai ɓoye ba, daga bisani aka duba ta aka ce ba ta iya ci gaba, ya sayar da ita. Ba mu ce Stevenson ya fi Newby tausayi ba, wataƙila ma ya gaza shi. Abin da mu ke cewa shi ne mai karanta nasa littafin ya kan tashi ya san nauyin kaya a bayan dabba, domin marubucin ya ɗanɗana wahalar ɗaurinsa. Newby kuɗi ya biya aka ɗauke masa wannan wahala, tare da ita kuwa aka ɗauke masa rabin labarin.

Ƙarshen littafin shi ya fi kowane sashe suna wurin Turawa. Sun fito daga Nuristan ta mashigin Arayu, a rame, a galabaice, suna gangarowa Panjshir, sai suka yi kaciɓis da Wilfred Thesiger, shahararren matafiyin nan da aka haifa a Adis Ababa cikin 1910, wanda ya ƙetare babbar hamadar kudancin ƙasar Larabawa a kan raƙumi tsakanin 1946 da 1948. Shi yana shiga duwatsun, su suna fita. Suka yi zango tare, ya yi ta ba su labarin yadda ya ke yi wa mutanen ƙauyuka magani har da yanke yatsu. Da dare ya yi, ƙasa duk duwatsu, sai Newby da Carless suka ciro katifunsu na roba suna hura musu iska, Thesiger ya dube su ya yi musu gori da kalma mai zafi, ya mai da su ragwaye, a nan littafin ya tsaya. An tsara wurin da gwaninta, gama mawallafin ya bar wa wani ya yi masa dariyar ƙarshe. Amma a lura da waɗanda ke cikin ma'aunin. Turawa uku ne ke gwada juna a kan wa ya fi jure wa kwanciya bisa dutse, alhali a gefen wutar nan akwai mutum uku da suka yi wata guda suna tashi kafin kowa su ɗaura kaya, su kwanta bayan kowa in sun sauke sun ba dawaki abinci. Abin da Shir Muhammad ya shimfiɗa a daren nan, littafin bai faɗa ba.