Kunne Kafin Baki: Sharhi A Kan Finafinan D.A. Pennebaker

Sau da yawa idan muka duba rubuce-rubucen da ke zuwa hannunmu, sai mu tarar marubuci ya hana taurarinsa magana, shi kaɗai ke ta bayani da wa'azi tun daga shafin farko har na ƙarshe. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu leƙa aikin wani Ba'amurke mai shirya finafinan abubuwan da suka faru a zahiri, wato D.A. Pennebaker, wanda aka haifa a 1925, ya rasu a 2019.

Shi dai injiniyanci ya karanta a Jami'ar Yale, amma ta ƙofar kiɗa ya shigo harkar fim. Fim ɗinsa na farko, Daybreak Express, wanda ya ɗauka a 1953, bai wuce minti biyar ba. Hotunan jirgin ƙasan birnin New York ne ya jera su bisa kiɗan Duke Ellington, har kiɗan ya zama shi ke jan hoto. Daga baya shi da Richard Leacock suka taimaka wajen ƙera kyamara marar nauyi wadda ke tafiya daidai da rakoda, aka yi amfani da irinta a fim ɗin Primary na 1960, inda aka bi Kennedy da Humphrey wajen yaƙin neman zaɓe a jihar Wisconsin. Tun daga nan mai fim ya samu damar ɗaukar maganar mutane yadda ta fito daga bakinsu.

Alal misali, a Dont Look Back na 1967, wanda ya bi mawaƙi Bob Dylan a rangadinsa na Ingila na 1965, babu mai sharhi ko guda. Muna ji da kunnenmu yadda Dylan ke yi wa wakilin mujallar Time tsiya, mu ne kuma za mu yanke hukunci ko hikima ce ko girman kai. Haka nan a ƙarshen Monterey Pop na 1968, an daɗe ana jiyar da mu kiɗan Ravi Shankar na Indiya tare da nuna masu sauraro kafin a nuna makaɗin kansa.

To amma ba za mu ce salon ba shi da aibu ba. Wanda ya ɗauki alkawarin ba zai yi tambaya ba, ya miƙa linzami ga mai baki. Mawaƙiya Joan Baez ta ɓace daga Dont Look Back ba tare da an gaya mana dalili ba. A The War Room na 1993, wanda ya yi tare da matarsa Chris Hegedus a kan kamfen ɗin Bill Clinton na 1992, James Carville da George Stephanopoulos sun cika fage da zance, talakan da zai jefa ƙuri'a kuwa da ƙyar muka ji muryarsa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, da su koyi haƙurin sauraro irin na Pennebaker, su bar tauraro ya fallasa halinsa da bakinsa. Sai dai kada su manta da na gefe wanda bai iya zaƙin baki ba, domin shi ma yana da abin faɗi, kuma aikin marubuci ne ya matsa kusa har ya ji shi.