Tsada, Wauta da Bakance: Nazari a kan Kalmomin So na Ingilishi

A shekarar 1960 C. S. Lewis, shaihin malamin adabi a Jami'ar Kambirij, ya fitar da littafinsa "The Four Loves", inda ya kasa so kashi huɗu: na iyaye da 'ya'ya da sauran waɗanda sabo ya haɗa, da na abota, da na tsakanin namiji da mace, da kuma wanda ya ke daga Allah. Na farkon ya kira shi "affection", na ƙarshen kuwa "charity". Littafin ya karɓu, kuma ya cancanta. Amma fa mudun da ya yi awon da shi na aro ne, gama daga kalmomi huɗu na Girkanci ya ɗauko rabon. Wanda ya bi asalin kalmomin Ingilishi su kansu zai tarar da wani rabo dabam: ba a kan wanda a ke so suka rarrabu ba, a kan abin da so ya ke ci wa mai shi ne.

Na fari, tsada. Kalmar "dear" har yau tana nufin abin so, tana kuma nufin abu mai tsada. Haka "carus" ta Latin ta ke, wadda daga gare ta "cherish" da "charity" suka fito. A kan "charity" ɗin nan an yi babbar gardama a Ingila. Da William Tyndale ya buga fassararsa ta Sabon Alkawari a 1526, sai ya sa "love" a inda aka saba da "charity". A 1529 Thomas More ya soke shi, yana ganin "love" ta cika faɗi, har sha'awar jiki tana iya shiga cikinta. Fassarar Sarki Jemis ta 1611 ta sa "charity" a sura ta 13 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa. Daga baya ma'anar kalmar ta yi ta ƙuntata har ta koma sadaka, saboda haka masu gyaran fassara na 1881 suka komo da "love". Almajirin da ya karanta tsohuwar fassara da ma'anar yau zai zaci sadaka a ke yabo, alhali a surar an nuna mutum yana iya rabar da dukiyarsa duka, ya kuma rasa wannan hali.

Na biyu, wauta. Yau "fond" so ne mai taushi, irin na kaka da jika, amma asalinta wawa ta ke nufi. A wasan "King Lear" na Shekspiya, sa'ad da tsohon sarki ya siffanta kansa da wannan kalma a gaban 'yarsa Cordelia, ba so ya ke shaida mata ba, amsa laifin ruɗewarsa ya ke yi. Malamin da ya fassara wurin da ƙauna ya ɓata ma'anar baki ɗaya. Haka kuma "dote": yau so ne wanda ya wuce kima, amma 'yar uwarta "dotage" ba ta gushe tana nufin gigin tsufa ba. Watau harshen ya riƙe shaidar cewa so yakan ci hankalin mai shi.

Na uku, bakance. "Devotion" daga kalmar Latin ta ɗaukar wa'adi ta fito. Livy ya ba da labarin Decius Mus, shugaban yaƙin Rumawa, wanda a shekara ta 340 kafin haihuwar Annabi Isa ya yi bakancen ransa ga gumakansu, ya kutsa cikin abokan gaba ya mutu domin mutanensa su yi nasara. Daga nan kalmar ta shiga ibada, sa'an nan ta sauko ga mai jinyar da ba ta barin majinyaci, da baran da ba ya gudun ubangidansa. Ta ratsa kashi huɗun nan na Lewis duka, ba ta zauna a ko ɗaya ba, domin ba motsin zuciya ta ke aunawa ba, sai abin da mutum ya sallama. Wannan shi ne babban giɓin rabonsa.

Abin lura ga malaman da ke koyar da Ingilishi ga Hausawa shi ne, kada a jera kalmomi biyu biyu kamar an ɗaura musu aure. Hausa tana da so, da ƙauna, da bege, da shauƙi, kowace da iyakarta. Bege yana ɗauke da kewar wanda ba ya kusa, shi ya sa ya dace da waƙoƙin yabon Annabi. "Devotion" kuwa tana ɗauke da hidima da cika alkawari, ko da wanda a ke yi wa yana zaune a ɗaki ɗaya. Kafin malami ya ba almajiri ma'ana, ya kamata ya fara tambayar abu biyu: a wane zamani aka rubuta kalmar, kuma me so ya ci wa mai shi a wurin, dukiya ce, ko hankali, ko rai.