Ƙarfi, Tauri da Ƙwari: Sharhi a kan Kalmomin Koyar da Darasin Juriyar Kayan Gini da Ƙira

1.0 Gabatarwa

Tun bayan fitowar Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977 masana harsunan Nijeriya suka duƙufa wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi. Ta ɓangaren Hausa, aikin da ya fi fitowa fili shi ne ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. Sai dai shi wannan aiki ya tsaya ne a kan harshe da adabi da dabarun koyarwa. Fannin injiniya kuwa an bar shi a hannun malamin aji da mai fassarar rediyo, kowa yana yin ta kansa.

Wannan takarda za ta dubi darasi ɗaya tak daga cikin darussan da ɗaliban injiniya ke ɗauka a farkon karatunsu, wato darasin da ke bayanin yadda ƙarfe da katako da kankare suke ɗaukar nauyi, da yadda suke kasawa. A nan Bauchi, inda aikin koyarwa ya kawo ni daga gida, ana karantar da shi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji. Da Ingilishi ake karantarwa, kamar yadda ake yi a ko'ina cikin ƙasar nan. Amma ɗalibin da ya gama, in ya je wurin gini, da Hausa zai yi wa birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi bayani. Ke nan ko an so ko an ƙi, ƙarshen darasin da Hausa ake yin sa, kuma a wannan mataki ne kuskuren kalma kan iya zama rushewar bene.

2.0 Nauyin da Aka Ɗora wa Kalmar Ƙarfi

Sunan da aka fi ba darasin in an zo fassara shi ne "ƙarfin kayayyaki". Kalmomin biyu duk suna da matsala. Kaya a Hausa shi ne abin da ake ɗauka, shi ne kuma abin da ake aiki da shi. Darasin nan kuwa gaba ɗayansa a kan bambance waɗannan biyun aka gina shi: ga nauyin da aka ɗora, ga kuma abin da aka ɗora wa. Sunan da ya kasa raba mai ɗauka da abin ɗauka ya riga ya ɓata darasin tun daga bangon littafi.

Matsalar kalmar ƙarfi ta fi wannan girma. Da ita ake fassara turi ko ja da ake yi wa abu, da ita ake fassara iyakar abin da abu zai iya jurewa, da ita ake faɗin aikin da inji ke yi cikin daƙiƙa, har da wutar lantarki. Ba laifin Bargery (1934) ko Abraham ko ƙamus ɗin Jami'ar Bayero na 2006 ba ne, domin harshen yau da kullum suka tattara, kuma a harshen yau da kullum ma'ana takan fito daga muhallin zance. A lissafin injiniya babu wannan sauƙi.

Ga misali. Ana amfani da rodi iri biyu a gini, mai santsi da mai zane a jiki. A ma'aunin Ingila da aka daɗe ana koyarwa a makarantunmu, na farko yakan fara sakin jiki idan nauyin da ke kan kowane murabba'in milimita ya kai niyuton 250, na biyu kuwa sai ya kai 460. In aka ce na biyu ya fi ƙarfi, an yi gaskiya. To amma in aka rataya wa kowannensu nauyi iri ɗaya wanda bai kai iyakarsu ba, miƙewar da za su yi kusan ɗaya ce, domin ma'aunin da ake kira da sunan Thomas Young kusan 200,000 ne a dukkansu. Wato ta wannan fuska babu wanda ya fi wani. Ɗalibin da kalma ɗaya kawai yake da ita zai ɗauka cewa sauya rodi mai santsi da mai zane zai rage lotsawar dakali, alhali ba zai rage komai ba. Ƙara kauri ne ke rage ta: in aka ninka zurfin gungumen da aka gicciya sau biyu, nauyin da zai ɗauka ya ninku sau huɗu, lotsawarsa kuma ta koma kashi ɗaya cikin takwas.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a lura da shi. Ko da alaƙa ta asali tsakanin ƙarfi da ƙarfe ko babu, kunnen Bahaushe yana haɗa su. Saboda haka in injiniya ya ce wa magini a ƙara wa gini ƙarfi, abin da zai fara zuwa zuciyar magini shi ne a ƙara rodi, ba tare da kula da inda za a sa shi ba.

3.0 Abin da Masu Sana'a Suka Riga Suka Bambance

Abin mamaki shi ne harshen ba shi da wannan talauci da masu fassara suka jefa shi ciki. Wanda duk ya zauna da maƙera ko masu walda ko kafintocin da ke kewayen kasuwar Wunti da ta Muda Lawal zai ji suna raba tauri da ƙwari da gautsi da danƙo da ƙarko, ba sa kuma musanya ɗaya da ɗaya. Gilashi yana da tauri, ƙusa ma da ƙyar take karce shi, amma yana da gautsi. Alli ba ya lanƙwasuwa, sai dai da yatsu biyu ake karya shi. Bulalar dorina tana lanƙwasuwa yadda aka so, karya ta kuwa sai wanda ya shirya. Ƙarko shi kuma maganar daɗewa ce, ba ruwansa da nauyi. Waɗannan su ne ainihin sifofin da littattafan darasin, irin na Timoshenko wanda ya fito a 1930, suke ɓata babi-babi suna rarrabewa.

A ganina, ƙwari ce ta fi cancanta ta ɗauki ma'anar iyakar jurewa, a bar wa tauri ma'anar ƙin karcewa da ƙin shigar tsini. Na san za a ce ai nama ma yana da tauri, kuma taurin nama ƙin tsinkewa ne. Haka ne. Amma keɓe kalma dama ai rage mata fili ne, kuma tauri guda ɗaya da aka rage wa fili ya fi ƙarfi guda biyar da aka bari sakaka.

Inda Hausa ta fi nuna wadata shi ne wajen aikatau. Littafin Ingilishi yakan yi amfani da kalma ɗaya ta kasawa, sa'an nan ya yi ta ƙara mata sifa. Bahaushe kuwa tun daga aikatau yake faɗin yadda abin ya auku. Igiya da waya tsinkewa suke yi, wato ja ne ya kashe su. Sanda karyewa take yi, wato lanƙwasa ce. Tukunya ta fashe, bulo ya murƙushe, itace ya tsage ta bin tsawonsa, bango ya dare, sandar da ke juya ƙafar mota ta murɗe. Ginshiƙi siriri kuma tanƙwarewa yake yi tun nauyi bai kai na murƙushe shi ba, abin da Euler ya yi wa lissafi a 1744, inda ya nuna cewa ninka tsawon ginshiƙi sau biyu yana mayar da abin da zai ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu. Babu Bahaushen da zai ce igiya ta fashe ko tukunya ta tsinke. Ashe ɗalibi yana shiga aji da rabe-raben kasawa a bakinsa, sai dai ba a taɓa nuna masa cewa su ne ake koya masa ba.

Tsarin giredin aikatau na Parsons (1960) ma yana da abin cewa a nan. A dubi lanƙwasa da lanƙwashe, ko lotsa da lotse. Na giredi na ɗaya yana barin ƙofar komawa a buɗe: reshe ya lanƙwasa, iska ta wuce, ya miƙe. Na giredi na huɗu yana nuna abin ya kai matuƙa: cokali ya lanƙwashe, haka zai zauna. Dokar da Robert Hooke ya bayyana a 1678, cewa miƙewa tana tafiya daidai da nauyi, a yankin na farko kaɗai take aiki, kuma lambobin nan 250 da 460 da aka ambata a baya su ne kan iyaka tsakanin lanƙwasa da lanƙwashewa. Giredi na bakwai shi kuma yana ba da sunayen sifofi ba tare da an ƙirƙiri komai ba: miƙuwa, lanƙwasuwa, murɗuwa, matsuwa.

Magina na dauri sun san wannan ilmi a aikace. Azarar giginya ba a barin ta ta haye fili fiye da kimanin mita 1.8 in an ɗora mata ƙasa, shi ya sa aka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, inda ƙasa ke ɗaukar matsi, azara kuma ta ɗauki ja. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, arewa da Bauchi, wanda ake danganta gininsa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, shaida ne a tsaye. Hikimar da ke cikinsa ita ce ta kankare da rodi: kankare yana jure matsi, amma abin da yake jurewa na ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Saboda haka ake sa rodi a ƙasan dakalin da ke da madogara biyu, a kuma sa shi a saman barandar da ta fito waje ba ginshiƙi. Mai ɗaurin rodin da aka ce wa "ta nan ake jan kankaren" zai gane. Wanda aka ce wa "a sa don ƙarfi" zai iya barin rodin ya kwanta a ƙasa.

4.0 Inda Gadon Bai Isa Ba

Ba kowane gurbi ne harshen masu sana'a ya cike ba. Manyan kalmomi biyu na darasin, waɗanda ɗalibai ke furtawa sitires da sitiren, lissafi ne ya haife su. Aron ta farko yana da haɗari, domin ta riga ta shigo Hausar birni da ma'anar gajiya da damuwa. Abin da take nufi a nan shi ne rabon da kowane murabba'in milimita ya samu daga cikin nauyi. In aka rataya tan 2, wato kimanin niyuton 20,000, a jikin rodi mai kaurin milimita 12, rabon ya kai 177. A jikin mai milimita 16 kuwa kimanin 100 ne. Lodi ɗaya, rabo daban. Tun da direbobi da magina sun riga sun karɓi kalmar lodi, ina ganin "rabon lodi" zai wadatar, ya kuma kauce wa ruɗanin da ke cikin kaya. Ta biyun kuwa "kason miƙuwa" ne: rodi mai tsawon mita 1 da ya ƙaru da milimita 1, kasonsa ɗaya cikin dubu ne.

Wadda ta fi wuya ita ce irin kasawar da almakashi ke jawo wa takarda, inda sashe ɗaya na abu ke zamewa a kan ɗan'uwansa, kamar yadda ƙusar da ta haɗa faranti biyu kan gutsure in aka ja su hannun riga. Yanka ta yi faɗi, zamiya kuma tana kai hankali ga santsi. A wannan gurbi aro ya halatta, a ce shiya, duk da karon da za ta yi da shiyya a kunne. In kuwa ana gudun wannan karo, "gocewa" ce ta fi kusa, kuma ya kamata a gwada ta a bakin masu walda na Bauchi da Kano da Sakkwato kafin a shigar da ita ƙamus.